Alheira, Ba Alheri Ba

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta Ƙaura, a kasuwar Shinkafi, har a wurin ta'aziyya sai wani ya matso ya ce, "Alhaji, wai da gaske ne ka kai Malam Sanda ƙasar Fotugal ka dawo da shi da ransa?" Da gaske ne. Wasu kuma 'ya'yansu na karatu a can, suna son su ji inda ake kwana da abin da ake ci. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya.

Ni fataucin fatu na yi. Jar fatar akuya ta kai ni Maroko da Masar da Italiya da Sifen. Faransanci a Maraɗi da Yamai na koye shi, Larabci a zaure da kasuwa, Turanci a makaranta, Fillanci kuma a rugagen da nake sayen fata. Saboda haka otal ba baƙon abu ba ne a wurina. Amma otal ɗin ƙaramin gari daban yake da na manyan birane, kuma tafiya da mutum irin Malam Sanda daban take da tafiya kai kaɗai.

Malam Sanda Bafillatanin ƙasar Zurmi ne, wajen Birnin Tsaba. Mun san juna tun yana kawo mini fatu a kan jaki. 'Yarsa ta fari, Hauwa'u, ta samu tallafin karatu ta tafi wani ƙaramin gari da ake kira Bragansa, can arewacin Fotugal kusa da iyakar Sifen, tana digiri na biyu a kan nonon awaki da tumaki. Al'adarsu a can, ranar da ɗalibi zai kare aikinsa a gaban malamai, ana barin iyaye da 'yan uwa su shiga su zauna. Hauwa'u ta ce ba ta son komai sai ranar nan ta ɗaga kai ta ga babanta a zaune. Shi kuwa bai taɓa wuce Maraɗi ba, ga shi da ciwon suga, yana shan ƙwaya safe da yamma, kuma likita ya ce kada ya sha ta cikinsa babu komai.

Ranar da na je ɗaukarsa, matarsa ta tsaya daga bayan zana ta ce, "Alhaji, ga amana nan. Mutumin ga bai cin abincin da bai san hannun da yad dahwa shi ba. Ka sa mai ido." Na yi dariya na ce ta kwantar da hankalinta. A lokacin ban san nauyin maganar ba.

Hanyar gida kun san ta, ba sai na faɗa muku ba. Ba mu gaya wa kowa ranar tashi ba. Muka jira rana ta ɗaga, motoci suka taru, muka bi ayari daga Zurmi zuwa Ƙaura, daga Ƙaura zuwa Gusau, kowa da carbinsa a hannu. Sai da muka wuce Funtuwa sannan direba ya kunna rediyo. Daga Abuja jirgi ya kai mu Kazablanka, muka canza wani zuwa Porto, babban birnin arewacin Fotugal. Malam bai ji tsoron jirgi ba ko kaɗan. Abin da ya dame shi kawai shi ne yadda aka jera mutane aka ɗaure su da ɗamara. Ya ce ko shanun da ake kaiwa Legas an fi ba su fili.

A filin jirgin Porto muka yi hasarar farko. Na gaya masa tun a gida cewa Turai ba a shiga da nama ko wani abu na nono, ya ce to. Ashe matarsa ta cusa kilishi da dambun nama da kwalbar man shanu a cikin babbar rigarsa ta naɗe. Wani kare ya zo ya zauna a gaban jakar ya ƙi tashi. Jami'ar ta zare kayan ɗaya bayan ɗaya, da ladabi, ta jefa a wani babban kwando. Malam ya bi kwalbar man shanun da kallo ya ce, "Alhaji, tambaye ta, su za su ci ko zubarwa za su yi?" Na ce ƙonawa za a yi. Abin da ya rage masa na guzuri dabino ne da ƙuli-ƙuli da ƙullin yaji. Wanda zai je, ya riƙe wannan: busasshen abu na hatsi da yaji yakan wuce, nama da nono ba su wucewa, komai kyan naɗin.

Daga Porto babbar mota ce ta kai mu. Ta ratsa cikin wani dutse, rami mai tsawon da har Malam ya fara kalmar shahada, ta fito ta dinga hawa tuddai masu itatuwan zaitun da garken tumaki. Hauwa'u ta tarye mu a tasha. Ta durƙusa ta gaida babanta, shi kuwa ya kawar da kai ya amsa a taƙaice, don kun san Fulani da kunyar ɗan fari. Ko sunanta ba ya faɗa, sai dai ya ce "yarinyar ga". Ita ta kama mana ɗaki a wani ƙaramin otal a tsohon gari, ta raka mu har ƙofa ta koma ga takardunta.

A ƙofar ma sai da na ji kunya. An rubuta wata kalma da ake furtawa "pushe", ni kuma da Turancina na dinga turawa, ƙofa ta ƙi. Ashe a yarensu "ja" take nufi. Malam ya ce, "Kaɗo, harsunanka sun yi maka yawa, matsa." Ya ja, ta buɗe.

Otal ɗin na iyali ne. Mai shi wata dattijuwa ce, Dona Amaliya. Dona a wurinsu kamar mu ce Hajiya ne ko Gwaggo. Mijinta, Ze, shi ke gyaran famfo da ɗauko kaya daga kasuwa. Ba ta jin Turanci sai kalma ɗaya biyu. Na gwada Faransanci, sai ga baki ya buɗe, ashe ta yi shekaru tana aiki a Faransa kafin ta dawo gida ta buɗe wurin. Na lura dattawan yankin da yawa haka suke. In kana da Faransancin Maraɗi, ka fara da shi a wurin tsofaffi, ka bar Turanci ga samari. Ta karɓi fasfo ɗinmu ta rubuta ta mayar mana. Doka ce, kada ka yi gardama. Ta kuma ba mu makullin ƙofar waje, don a irin wannan otal babu mai zama a tebur har safiya. In ka fita ka manta shi, sai ka tada masu gida daga barci.

Ɗakin kansa yana da abubuwan da ya kamata a sani. Katin da ke buɗe ƙofa shi ake sakawa a wani ɗan rami jikin bango kafin wuta ta kama. Na sauka in karɓo tawul na zare katin na tafi da shi, na dawo na iske Malam a zaune fanka ta tsaya, yana murmushi. Ya ce, "Ashe su ma ana ɗauke masu wuta." Na ji tausayin in ɓata masa wannan farin cikin, amma na nuna masa. Fitilar baranda kuma da kanta take mutuwa in ka daɗe tsaye, sai ka motsa hannu ta dawo. Bakin soket ɗinsu zagaye ne mai ƙafa biyu, irin na Nijar, saboda haka ka sayi abin haɗi tun daga gida. Tagar tana da murfi na waje da ake ja da igiya mai faɗi a jikin bango. Ka koyi jan sa, don da bazara rana ba ta faɗuwa sai lokacin da a gida an daɗe da yin isha'i. Alƙibla gabas ce da ɗan karkata kudu, saɓanin nan da muke karkata arewa. Ruwan famfo ana shan sa. Ƙararrawar coci za ta dame ka da farko, daga baya ka daina jin ta.

A banɗaki ne mutanen Fotugal suka burge ni. Kusa da masai akwai wani kwanon tangaran mai famfonsa, don tsarki aka yi shi, har da ɗan tawul ɗinsa daban. Na zaga ƙasashen Turai inda sai takarda kawai, to waɗannan sun san ruwa. Duk da haka ka sa ƙaramar butar roba a jakarka. Kuma kada ka yi alwala irin ta gida kana zubar da ruwa ƙasa, don daɓen ba shi da magudana, kan na ƙasa da kai zai zuba. Fuska da hannu a kwanon wanke hannu, ƙafa a wurin wanka.

Da safe muka sauka karin kumallo. A nan matsala ta fara. A bangon ɗakin cin abincin an rataye cinyoyin alade busassu, kamar yadda muke rataye albasa. Malam ya tambaye ni ko na mene ne, na gaya masa gaskiya. Ya juya musu baya ya zauna. Na ce ya ɗauki burodi da shayi, burodi ai babu komai a cikinsa. Ya ɗauki wani mai kyan gani ya ɓara, sai ga jan nama jere a ciki. Suna da irin wannan burodin da ake gasawa da naman alade a tsakiya. Ya ajiye a hankali, ya tashi ya je ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya hau sama.

Daga ranar bakinsa ya rufe. Na kawo masa dafaffen ƙwai na ce, "Malam, da ɓawonsa fa." Ya ce, "Tukunyar hwa?" Na kai shi gidan abinci na sa aka kawo busasshen kifinsu mai gishiri, wanda suke alfahari da shi, ya ce da wane mai aka soya, a wane kasko. Madarar kwali ya kurɓa ya ture, ya ce wannan ruwan farar ƙasa ne ba nono ba. Na jawo masa hukunci, na ce tukunyar da aka wanke ta tsarkaka, malamai sun faɗa. Ya ce, "Na san hukunci, Alhaji. Ba kaina na yaƙ ƙi ba, wuyana na. In na kai loma sai in ji warin abin ga." Girki a ɗaki kuwa an hana, akwai na'urar da ke ihu in ta ji hayaƙi. Na ce to in gaya wa Hauwa'u ta dafo masa. Ya kama hannuna ya ce in na gaya mata bai yafe ba, yarinya na fama da karatu, ba za a ɗora mata yunwar tsoho ba. Kuma ko ta kawo ba zai iya ci a gabanta ba. Duk lokacin da ta leƙo da yamma sai ya miƙe ya zauna daram kamar wanda ya ci rago.

Ga wani abin da ya ƙara wahalar: a ƙaramin gari abinci lokaci gare shi. In azahar ta wuce an rufe kicin, ba a sake buɗewa sai yamma ta yi sosai. Babu mai shayi a bakin titi, babu mai tsire, babu inda za ka ce a zubo maka da la'asar. Ranar Lahadi kuwa rabin garin a rufe yake. Burodi da zaitun da ake ajiye maka a tebur tun ba ka ce komai ba, su ma ba kyauta ba ne irin ruwan baƙo, in ka ci za a sa a lissafi, in ba ka so ka ce a ɗauke, ba wanda zai ji haushi.

Haka Malam ya yi 'yan kwanaki a kan dabino da ƙuli-ƙuli da tuffa, yana kuma shan ƙwayarsa. Wata safiya muna hawa wani lungu mai daɓen duwatsu, na ga ya tsaya ya dafa bango, zufa na keto masa. Na zaunar da shi na tura masa dabino a baki, na ja shi zuwa kantin magani. Kantunan maganinsu suna da koren gicciye a ƙofa, kuma suna auna suga nan take, ba sai ka je asibiti ba. Matar ta auna ta dube ni ta ce mutumin nan ko dai ya ci abinci na gaske, ko kuma a gadon asibiti zai ƙare. Ranar Hauwa'u kuwa jibi ce. Na dawo da shi ɗaki ina tunanin abin da zan gaya wa yarinyar in ta ɗaga kai ta ga kujera babu kowa.

Dona Amaliya ta lura, don faranti na komawa kicin yadda ya fito. Da rana muna zaune a ɗan falon ƙasa, sai ga ta da faranti a rufe da ƙyalle. Ta ajiye a gaban Malam da hannu biyu, ta yaye ƙyallen, ta ce da ƙarfi, "Alheira!"

Wani abu ne lanƙwasasshe kamar ƙahon rago, an soya shi ya yi ja, yana ƙamshin tafarnuwa. Na ga fuskar Malam ta saki, karo na farko tun Porto.

Ya ce, "Ka ji mi tac ce? Alheri tac ce."

Na ce, "Malam, sunan abincin ke nan."

Ya ce, "To ai shi ne. Matar ga ta ga halin da ni ke ciki, ta taso da ƙahwarta ta kawo mani, ta ce alheri. In maida mata? Wace irin tarbiyya ke nan?" Ya naɗe hannun riga ya yi bismilla.

Na juya na tambaye ta da Faransanci abin da ke ciki. Ta lissafa da yatsu: kaza, burodi, tafarnuwa, man zaitun, jan barkono. Ta ce ai shi ya sa ta kawo, ta ji an ce ba ma cin alade. Na ce babu alade ko kaɗan? Ta ce babu namansa, ɗan kitse ne kawai da romo don ta yi laushi. A nan akwai darasi ga mai tafiya. In ka ce "akwai alade?" za a ce maka babu da zuciya ɗaya, don a wurinsu kitse da romo da ɗan yankan da ake jefawa a miya ba su ne nama ba. Sai ka bi su ɗaya ɗaya ka tambaya.

Hannun Malam ya riga ya kai faranti. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta ce in yi shiru, mutum na cikin larura, ga jibi na zuwa. Amma shi da kunnena yake ji a ƙasar nan, da bakina yake magana. In na ci amanarsa a loma ɗaya, babu sauran abin da zan fassara masa ya yarda. Na riƙe wuyan hannunsa na ce, "Akwai kitsen abin nan a ciki."

Ya janye hannu ya sunkuyar da kai. Dona Amaliya ta dube shi ta dube ni, fuskarta ta yi ja, ta kai hannu za ta ɗauke farantin. Na ce ta dakata. Na gaya mata cewa a harshenmu akwai kalmar alheri, ma'anarta kyautatawar da mutum ya yi maka ba don ka biya shi ba, kuma dattijon nan ya ƙi abincin kowa a garin nan, nata kaɗai ya miƙa wa hannu, don ya ɗauka abin da ta ce ke nan.

Sai ta jawo kujera ta zauna. Ta ce in gaya masa wani abu. A yadda suke ji daga kakanni, waɗanda suka fara yin alheira mutane ne da addininsu ya hana su cin alade, Yahudawan yankin, a zamanin da ake farautar duk wanda ba ya bin addinin sarki. Gidan da ba a ga an rataye naman alade a hayaƙi ba, an san ko su waye. Sai suka dinga cusa kaza da burodi a hanji suna ratayewa, maƙwabta su gani su ɗauka irin nasu ne. Daga baya ne sauran jama'a suka karɓa suka ƙara kitse. Ta ce kakarta a ƙauye da kaza zalla take yi.

Na fassara wa Malam. Ya ce, "Ashe abincin masu gudun abin ga ne tun asali. Allah Sarki."

Nan dabara ta zo mini. Na ce, "Dona, kina da kaji masu rai?" Ta ce Ze yana da ɗan lambu a bayan gari, da kaji da tumaki da ɗakin girki. Na ce in na sayo sabuwar tukunya da kasko da wuƙa, dattijon ya yanka kazar da hannunsa, za ta yi masa irin ta kakarta yana kallo? Ta ce ta gaske sai ta kwana biyu a hayaƙi. Na ce a bar hanjin, a bar hayaƙin, cikin kawai muke so. Ta buga cinya ta miƙe tana ƙwala wa Ze kira.

Da la'asar muna lambun. Iskar wurin kaɗai ta fara dawo da Malam. Kafin a kamo kaza ya riga ya shiga cikin tumaki, ya kama wata ya buɗe bakinta yana duba haƙora, Ze na yi masa bayani da yarensa, shi yana amsawa da Fillanci, kowa na gyaɗa kai. Na ce in fassara, suka ce in bar su. Ya zaɓi wani jan zakara, ya fuskanci alƙibla ya yanka, Ze ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji har aka gama. Burodin kuwa na je gidan mai gasa shi na tambaya, fulawa ce da ruwa da gishiri da yis kawai, kuma Malam da kansa ya yayyaga shi ƙanana ya tabbatar babu abin da ke ɓoye a ciki. Dona ta tafasa zakaran, ta jiƙa burodin da romonsa, ta zare naman sili-sili kamar za a yi dambu, ta haɗa da tafarnuwa da man zaitun da barkono, ta mulmula ta soya a sabon kasko kamar waina. Malam na kan kujera kusa da murhu, idonsa bai bar hannunta ba.

Ta ajiye masa. Ya barbaɗa yajinsa ya ci ɗaya, ya ci ta biyu, ya ɗaga kwanon romo ya shanye. Dona na tsaye a kansa da hannu a ƙugu, da ya yi kamar zai tsaya sai ta ƙara masa ta ce wani abu da faɗa. Ya ce, "Mi ta ka cewa?" Na ce, "Cewa ta yi ƙato kamar kai ba ya ƙoshi da biyu." Ya ce, "Gaya mata a rugarmu surukata kaɗai ka yi mani wanga tsawa." Na gaya mata, ta yi dariya har da share ido da gefen riga.

Ta ɗaura jan zare a hannun tukunyar da kaskon ta kai su kicin ɗin otal, ta ce duk wanda ya taɓa su sai ya gamu da ita. A cikinsu ta dinga dafa masa shinkafa da ƙwai da kifi da sauran zakaran. Wannan ce babbar shawarar da zan ba duk mai zuwa: ka sauka a ƙaramin otal na iyali, kuma tun ranar farko ka zauna da mai gidan ka faɗi abin da kake ci da wanda ba ka ci. A babban otal ma'aikaci zai ba ka haƙuri ya nuna maka doka. A ƙarami, mai dokar ce ke tsaye a gabanka da ludayi.

Ranar Hauwa'u, Malam ya sa farar babbar riga ya naɗa rawani, ni ma na sa tawa. Na ce a kira tasi, ya ce da ƙafa za shi. Muka ratsa garin mutane na tsayawa suna kallonmu, wani tsoho ya ɗaga mana hula, muka ɗaga masa hannu. Na yi yawo a ƙasashe da yawa cikin kwat don kada in fita daban. Ranar nan na ji daɗin fita daban.

Zauren ba babba ba ne. Malamai na zaune a dogon tebur, ɗalibai a baya, mu aka ba mu kujerun gaba. Hauwa'u ta shigo da hijabinta ta tsaya, ta jera takardu, ta ɗaga kai. Ta gan shi. Sannan ta fara. Da Turanci ta yi bayanin yadda za a adana nonon akuya ya daɗe bai lalace ba a wurin da babu wutar lantarki. Tana magana hotuna na fitowa a bango, sai ga rugarsu. Malam ya zungure ni ya ce a kunnena, "Waccan jar akuyar tawa ce." Na ce ya yi shiru. Ya ce, "To ai tawa ce."

Da ta gama aka shiga tambayoyi. Wani malami mai furfurar gemu ya tsare ta, in ta amsa ya sake jefo wata, har ya koma yarensu, ita ma ta bi shi can ta amsa masa. Na ga sauran malaman suna duban juna. Aka ce kowa ya fita su yi shawara, aka sake kiran mu. A al'adarsu tsaye ake jin sakamako. Na miƙa hannu in tallafi Malam, ya ture shi, ya miƙe da kansa, ya fi kowa tsawo a zauren. Mai gemun ya karanta cewa ta ci, da sakamako mai daraja ƙwarai, aka ɗauki tafi.

A waje Hauwa'u ta zo ta durƙusa a gabansa tana hawaye. Ya dubi wani gefe ya ce, "Madalla. Allah shi yi albarka." Ƙawayenta suka janye ta ɗaukar hoto. Sai ya matso kusa da ni.

"Alhaji, mai gemen nan da yad dinga tambayar ta, shi ne bai gane ba ko?"

Na ce, "Shi ne babbansu."

"To yanzu ya gane?"

"Ya gane."

Ya gyara rawaninsa ya ce, "To madalla. Mu tahi, yunwa ni ka ji."